Hoton Inna Mairo

Tun da yana ta fara rufe idon Hajja Zubaidatu, babu wanda ya sake shan ruwa da daɗi a gidansu na unguwar Madain Fahd a Jidda, kuma wadda ta fi kowa ji a jikinta ita ce 'yarta Mastura. Tsohuwar ba ta damu da talabijin ba, ba ta damu da zaren da ya daina shiga mata allura ba. Abu ɗaya ne ya tsaya mata a rai: ta daina ganin fuskar mahaifiyarta.

Fuskar tana cikin wani ɗan firam na katako da bai kai tafin hannu ba, a kan durowa kusa da gadonta. Hoton Inna Mairo ke nan, wadda ta rasu a Sawakin, bakin tekun Sudan, suna jiran jirgin ruwan da zai tsallako da su aikin Hajji, lokacin Hajja ko wayo ba ta yi ba. Mace ce wankan tarwaɗa, ta naɗa lafaya, da zobe a hancinta, ta ɗan karkata kai kamar an kira ta daga gefe. Duk jaririn da aka haifa a gidan sai an kai shi gaban hoton nan an gabatar da shi, yana so ko ba ya so. Mastura ta taso tana jin uwarta na hira da shi da hantsi, bayan ta sha shayi.

Likita ya riga ya faɗa musu gaskiya. Ciwon suga ya ci idon ta ciki, ko an kankare yanar ba abin da zai dawo, ɗan hasken da ya rage ma tafiya yake yi. Hajja ta saurare shi tsaf, ta yi masa godiya, da suka dawo gida ta miƙa wa Mastura firam ɗin.

“Ki kai a ƙara masa girma. Babba nake so, kamar na bangon asibiti. In gan ta sau ɗaya kafin abin ya rufe, halas, shi ke nan.”

“To, Hajja, in sha Allahu ranar Asabar.”

“Asabar ta wa? Idon nawa ya ce miki zai jira Asabar? Yalla, tashi.”

Haka Mastura ta mayar da abayar da ta cire yanzu-yanzu. Aikinta kula da yara ne a wata makarantar 'yan mata a unguwar Safa, ta wuni a tsaye, ƙafafunta har zugi suke yi, amma musu da Hajja ɓata baki ne. Ta fita cikin zafin la'asar mai ɗanko, irin wanda ke manna wa mutum tufa a baya, ta nufi shagon hoto na Mustafa da ke tsakanin kantin magani da mai gasa burodin tamis.

Mustafa ɗan unguwa ne, kakanninsa da nata tare suka zauna a Sudan kafin kowa ya kama gabansa. Ya juya firam ɗin, ya ce gilashin ya dushe, sai an buɗe kafin na'ura ta ɗauka. Ƙusoshin sun yi tsatsa, sai da ya sa ɗan wuƙa ya ɓamɓare su ɗaya bayan ɗaya. Da kwalin baya ya fita, hoton ya faɗo kan tebur, bayansa a sama. Mustafa ya ɗauka, ya duba, ya sake dubawa.

“Ya lalace ne?” in ji Mastura.

“Bai lalace ba, Khala. Duba da kanki.”

A bayan akwai zanen kwalin taba sigari, da sunan wani kamfani na Iskandariyya, da rubutun talla da Larabci. Ta juya gaban. Ƙasan hoton, wurin da katakon firam ya rufe tun kafin a haife ta, an buga da ƙananan baƙaƙe: Dalal Shaukat, tauraruwar dandamali.

Mustafa ya yi mata bayani a hankali, yana kallon tebur. A da can, in ji shi, kwalin taba laushi gare shi, sai kamfanoni su sa ɗan kati mai tauri a ciki don kada karan ya karye. Daga baya suka ga ai katin ma zai yi musu talla, suka riƙa buga 'yan wasa mata a kai. A sa wa mace kaya, a shafa mata hoda, a ɗauke ta, a rubuta tauraruwa a ƙasa. Maza su yi ta sayen taba iri ɗaya don su haɗa jerin duka. Wadda ba wanda ya san ta jiya, gobe tana aljihun kowane direba da ɗan dako daga Misira har bakin teku.

Mastura ta sake karanta sunan. Abu na farko da ya zo mata, kuma ta kama shi da hannu biyu, shi ne wataƙila kakar tata ta taɓa yin wasa a ɓoye da wani suna. Abin kunya ne, amma a wannan lokacin da ta karɓe shi da murna. Ta ce wa Mustafa ya dakata tukuna, ta sa katin a jaka, ta fito. Ta wuce ƙofar gidansu ba ta shiga ba, ta zagaya layin, ta sake zagayawa, har mai tamis ya fara binta da kallo.

“Ina hoton?” Hajja ta tambaya tun kafin ta cire takalmi.

“Na'urarsu ta lalace. Sun ce a bari a gyara.”

“A Jidda duka na'ura ɗaya ce?”

Kuskuren da Mastura ta yi shi ne nuna wa 'yarta Najwa. Najwa haifaffiyar Jidda ce, ta gama jami'a, tana jin Hausa sarai amma in za ta mayar sai ta haɗa da rabin Larabci, kuma duk abin da ya shiga kunnenta bai cika kwana a cikinta ba. A kicin ta ɗauki katin da waya, ta latsa nan ta latsa can, kafin ruwan shayi ya tafasa ta juyo da wayar. Ga fuskar nan dai a shafin masu tara tsofaffin katuna. Ga ta da hular Turawa mai gashin tsuntsu. Ga ta da kayan Badawiyya, irin na Larabawan sahara, da tulu a kafaɗa. Ga ta a sari irin na Indiya. Ga kuma tasu, da lafaya da zoben hanci, an rubuta cewa kayan wani wasa ne da ta fito a amaryar Sudan. A sauran hotunan fara ce sol. A nasu ne kawai mai fenti ya ɗan dafa mata launi don ta dace da kayan.

Najwa ta toshe baki, kafaɗunta na rawa. “Yumma, ya'ani Habboba kakata duk rayuwarta tana hira da mumassila, 'yar wasan kwaikwayo? Ni ma an kai ni na gaishe ta?”

“Rufe min baki. Abin dariya ne wannan?”

“Wallahi ba dariya nake ba.” Dariya take yi. Da ta lafa sai ta gyara fuska. “Bas lazim, dole a gaya mata. Haram ta tafi a kan ƙarya. In ke ba za ki iya ba, ni zan faɗa.”

Mastura ta san za ta iya, abin da ya ƙara tayar mata da hankali ke nan. Ta ƙwace katin, ta ce in Najwa ta kuskura ta buɗe baki kafin ta yanke shawara, za su haɗu.

Daga ranar zama ya gagare ta. A makaranta ta zuba wa yarinya ruwa a kofin wata, ta kira shugabar da sunan mai shara. A motar da ke kai su tana kawo su, hannunta kullum yana cikin jaka yana shafa gefen katin, kamar mai taɓa haƙorin da ke ciwo. Ta fito da shi ta harare shi, ta mayar. Haushin matar take ji, wannan Dalal da ta yi kwalliyar aro ta karkata kai, ta shigo gidan mutane ta zauna a mazaunin da ba nata ba. Can kuma sai ta ji tausayinta, don ita ma ba ta san inda kwalin taba zai kai ta ba. A gida kuwa tambaya ɗaya ce ke jiranta safe da yamma. Ta ce an gyara na'ura amma babu takarda mai girma. Ta ce takarda ta zo amma Mustafa ya tafi Makka. Ƙarya ba sana'arta ba ce, kowace ta fito sai ta fito da ɗingishi.

Abin da ya fi ci mata rai shi ne durowar. Da hantsi Hajja takan miƙa hannu wurin da firam yake, ta shafa katako, ta janye. Wata safiya ta kira Najwa da sunan Mastura alhali yarinyar na tsaye a gabanta. Hasken yana tafiya, kuma Mastura ce ke cinye shi da jan ƙafa.

Ranar Juma'a bayan an sauko, ta tari mota zuwa unguwar Aziziyya. Mutum ɗaya ne ya rage a duniya da ya ga Inna Mairo da idonsa, wato Kawu Ya'u, yayan Hajja, wanda ke zaune a gidan ɗansa a hawa na uku. Ta same shi a bakin taga cikin farar jallabiya, yana kallon motoci yana yi wa direbobi gyara ba sa ji. Bayan gaisuwa ta ɗora masa katin a gwiwa, bayansa a sama.

Bai ko ɗauka ba. “Wa ya ce ki buɗe?”

“Ashe ka sani, Kawu.”

“Ina wurin, yaya ba zan sani ba?”

Ya ba ta labarin yana kallon titi. Sun binne Inna Mairo a Sawakin, kwana kaɗan jirgi ya zo, ba damar zaman makoki. Zubaidatu ta fara kuka tun a bakin ruwa. Ta ƙi nono a hannun kowace mace, ta ƙi kunu, ta ƙi barci, muryarta ta dushe har sai iska ke fita. Mahaifinsu Malam Jabiru ya goya ta, namiji da goyo a gaban jama'a, ya yi ta kai da kawowa a kan jirgi, a banza. Mutane suka fara cewa wannan ma ba za ta kai Jidda ba. Sai wani ma'aikacin jirgi, baƙi ƙirin da gawayi, ya zaro kati daga kwalin tabarsa ya miƙa mata don ta yi wasa.

“Ta ga lafaya, ta ga zoben hanci. Innarmu tana da irinsu. Sai ta ce, Inna. Ta ƙanƙame shi, ta karɓi kunu, ta yi barci.” Ya shafa gemu. “Baba malami ne, ko warin taba ba ya so, hoto ma ba ya ajiyewa. Na ga ya buɗe baki zai ce ba ita ba ce. Ya dubi yarinyar, ya rufe. Da muka zauna a nan, shi da kansa ya kai wa kafinta aka yi firam, ya ce a matse ƙasan.”

“Shi ke nan ba wanda ya taɓa gaya mata?”

“Ana cewa sai ta yi wayo. Ta yi wayo aka ce sai ta yi aure. Ta yi aure, Baba ya rasu. Ni kuma wa ya aike ni?”

Mastura ta matso. “To ita Inna Mairo ta gaskiya, yaya take? Ka faɗa min, ko na samu abin da zan ba Hajja a madadi.”

Tsohon ya rufe ido. Ya ce baƙa ce, ba ta da tsawo, tana da zane a kumatu. Leɓensa suka ci gaba da motsi. Da ya buɗe idon sun kawo ruwa.

“Da baki nake faɗa miki, ya binti, don na san haka ne. Amma in na rufe ido, wannan ce ke zuwa. Ta kore min ita tuntuni.”

Ta tambaye shi ko ta faɗa ko ta yi shiru. Ya ce shi dai ya yi nasa shirun, ya ishe shi, ita ma ta ɗauki nata kayan. Daga nan ya koma kan wani mai jar mota da ya tsaya a inda bai kamata ba. Mastura ta sauko matakala tana jin haushinsa, da na Malam Jabiru, da na ma'aikacin jirgin da ko sunansa ba a sani ba. Maza uku sun ƙulla abu sun bar wa mace kwancewa.

Washegari ta koma wurin Mustafa ta ce ya buga, ya yanke rubutun. Ta kai bakin titi ta dawo ta ce ya bar rubutun. Ta sake dawowa ta ce ya yanke, amma ya ba ta katin a hannu, kada ya mayar cikin firam. Mustafa ya yi yadda ta ce, yaron kirki. Shawarar da ta tsaya a kai ita ce: za ta bar Hajja ta gani, tunda gani ta roƙa, sannan ta ɗora mata katin a hannu ta faɗa mata komai. Gara ta ji daga bakin 'yarta da ta ji daga bakin Najwa a tsakiyar wata hira. A hanya ta yi ta tsara maganar, ta fara da jirgi, ta fasa, ta fara da Malam Jabiru, ta fasa.

Hoton ya fito babba, sai da ta rungumo shi da hannu biyu ta hau da shi. Ta tarar da Hajja zaune a bakin gado ta idar da la'asar. Ta zuge labule duka, rana ta shigo, ta jingina firam ɗin a kan cinyar tsohuwar tana tallafe da shi ta baya. Najwa ta zo ta tsaya a bakin ƙofa, ta harɗe hannu.

Hajja ta kai fuskarta kusa har numfashinta na dusar da gilashi. Ta ja baya, ta karkata kai ta gefen idon da ya fi gani, ta sake matsowa. Ta bi goshin da yatsa, ta gangaro kan kumatu, ta tsaya a haɓa. A ƙaramin kati lafaya da zobe ne suka fi fitowa, fuskar kuwa ba ta wuce ƙwayar dabino ba. Yanzu ga ta nan a fili: kumatu cike, wuya siriri, ido a buɗe da ɗan tsoro-tsoro, irin na wadda aka ce kada ta motsa.

Mastura ta sa hannu a jaka ta kama katin. “Hajja, akwai maganar da…”

“Ashe yarinya ce,” in ji Hajja.

Ba da su take ba. Yatsanta na kan kumatun.

“Yarinya ce ƙarama. Ko Najwa ta girme ta.” Ta sake shafa fuskar. “Ni ina ganinta babbar mace. Tun ina ƙarama nake riƙe da ita a zuciya, ban taɓa gaya wa kowa ba. Ranar aurena na ce ina take. Ranar da na haife ki na kusa tafiya, na ce wace irin uwa ce za ta kwanta ta mutu ta bar 'yarta a bakin ruwa. Kamar ita ta zaɓa. Ashe da 'ya'ya biyu ta taho tun daga ƙasar Hausa, a ƙafa, cikin rana, tana wannan shekarun. Wa ya riƙe mata hannu? Ita tata uwar tana ina?”

Mastura ta tsaya da katin tsakanin yatsu. Ta nemi inda ƙaryar take a cikin abin da uwarta ta faɗa, ta rasa. Macen da aka binne a Sawakin da goyo da ɗan yaro ba za ta wuce haka ba. Ba wanda ya taɓa tsayawa ya yi wannan tunanin, har ita kanta, har Kawu Ya'u da ya gan ta. Tausayi ya kama ta, na Hajja da na yarinyar da ba ta bar ko inuwa ba.

Hajja ta janye firam ɗin daga hannunta, ta rungume shi a ƙirji duk girmansa, ta shiga jijjiga shi a hankali yadda take yi wa jikoki in sun yi kuka.

“Yi haƙuri, 'yar nan,” take cewa. “Yi haƙuri. Ban sani ba. Na yafe, ke ma ki yafe min.”

Mastura ta saki katin ya koma ƙasan jaka, ta ja zif. Ta miƙe ta nufi ƙofa. Najwa na nan tsaye, hannun da ta harɗe ya sauka, ta buɗe baki tana duban uwarta.

“Je ki gidan maƙwabciyarmu Mubina ki aro guduma,” in ji Mastura. “Ki ce ta haɗo da ƙusa mai ƙarfi, hoton da nauyi.”